YADDA ZA A SA SHAFIN FACEBOOK NA ƘUNGIYAR MANOMA YA ISA GA JAMA'A

GABATARWA

Aikin malamin gona shi ne ya ɗauko ingantattun dabarun noma daga cibiyoyin bincike ya kai wa manomi, sannan ya ɗauko matsalolin manomi ya mayar wa masu bincike. Tun daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka kafa ayyukan bunƙasa noma na farko a Funtuwa da Gusau da Gombe, hanyoyin da aka fi dogara da su su ne ziyarar gona, gonar gwaji, ranar manoma, rediyo, da ƙananan littattafai irin wannan. Duk waɗannan hanyoyi suna nan da amfaninsu. Sai dai malaman gona sun yi ƙaranci, har malami ɗaya yakan sami kansa da dubban manoma a wuyansa, ga nisan ƙauyuka, ga tsadar man babur.

Wayar salula ta GSM ta soma aiki a Nijeriya a shekarar 2001, kuma a yau babbar waya mai intanet ta shiga ƙauyuka da dama. Wannan ya sa ƙungiyoyin manoma da ofisoshin malaman gona suka buɗe shafuka a Facebook. Amma da yawa daga cikin shafukan nan sun zama tamkar gonar da aka share aka yi huɗa, aka bar ta ba shuka. Wasu kuma ana ta wallafa abubuwa a cikinsu, amma babu mai gani, balle mai tambaya.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. A farkon shekarar 2016 aka soma ganin baƙuwar tsutsar masara a kudu maso yammacin ƙasar nan, kafin ta bazu ko'ina. A wannan shekarar ce kuma tsutsar tumatir ta yi mummunar ɓarna a jihohin Kano da Kaduna. A irin wannan hali, manomin da ya sami labari da wuri yakan ceci wani abu daga gonarsa, wanda kuma labari ya riske shi a makare sai ya tarar da kara tsaye. An shirya wannan jagora domin kai malamin gona, da kai sakataren ƙungiya, ku san yadda za ku sa saƙonku ya isa ga manomin da yake bukatarsa a makon da yake bukatarsa. An ɗauki misalai daga noman shinkafar fadama, amma ƙa'idojin sun shafi kowane irin noma da kiwo.

1. YADDA FACEBOOK YAKE RABA SAƘO

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, ba duk wanda yake bin shafinka ne yake ganin abin da ka wallafa ba. A duk lokacin da mutum ya buɗe Facebook, akwai tarin saƙonni daga abokansa da zaurukan da yake ciki da shafukan da yake bi, fiye da abin da zai iya dubawa. Saboda haka kwamfutocin kamfanin suke tantancewa, su jera masa waɗanda suke hasashen zai fi tsayawa a kansu. Daga cikin abubuwan da suke dubawa akwai:

(a) Wanda ya wallafa saƙon, da kuma ko mai wayar ya saba tsayawa a kan saƙonninsa.

(b) Nau'in saƙon, wato rubutu ne ko hoto ko bidiyo, da wanda mai wayar ya fi kallo.

(c) Yadda waɗanda suka riga suka ga saƙon suka karɓe shi: sun yi tsokaci, sun tura wa wasu, ko sun wuce.

(d) Daɗewar saƙon tun da aka wallafa shi.

A watan Janairun 2018 shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya sanar cewa za a fifita saƙonnin 'yan'uwa da abokai da zauruka a kan na shafukan kamfanoni da hukumomi. Daga shekarar 2022 kuma kamfanin ya ƙara ba da ƙarfi ga gajerun bidiyo da ake kira Reels, waɗanda akan nuna wa mutane ko da ba sa bin shafin da ya wallafa su. Darasin da ke cikin wannan guda biyu ne. Saƙon da manomi ya tura wa ɗan'uwansa da hannunsa ya fi wanda shafi ya wallafa tafiya nesa. Gajeren bidiyo mai amfani kuma yana iya kai ka ga manoman da ba su taɓa jin sunan ƙungiyarku ba.

2. MA'AUNAI UKU DA BAMBANCINSU

Mabiya: su ne waɗanda suka danna alamar bin shafi.

Isar saƙo: yawan mutanen da saƙo ya bayyana a wayarsu, ko mabiya ne ko ba mabiya ba.

Mu'amala: abin da mutane suka yi da saƙon bayan sun gan shi, kamar danna alamar so, rubuta tsokaci, tura wa wasu, ko kallon bidiyo har ƙarshe.

Masu kula da shafi sukan ɗauki yawan mabiya abin alfahari, alhali shi ne mafi rauni cikin ukun. Hausawa sun ce taron mutane shi ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba. A ce shafi yana da mabiya dubu goma waɗanda yawancinsu mazauna birane ne da ba su da gona, wani kuma yana da ɗari biyar waɗanda duk manoman shinkafa ne na ƙaramar hukuma ɗaya. Na biyun ya fi amfani ga aikinka. Mabiyan da ba ruwansu da noma suna wuce saƙonka ba tare da tsayawa ba, sai kwamfutar ta ɗauka saƙon ba shi da armashi, ta rage nuna shi har ga manoma na gaskiya.

3. SHIRYA SHAFIN

Kafin ka gayyaci kowa, ka tabbata ka kammala waɗannan:

(a) Suna. A sa sunan da manomi zai iya nema, mai ɗauke da amfanin gona da sunan yanki. Sunan da ya ce ƙungiyar manoman shinkafa ta gari kaza ya fi gajerun haruffan Turanci da babu wanda ya san ma'anarsu.

(b) Hoto. A sa tambarin ƙungiya ko na ofis, tare da hoton gona ta yankinku.

(c) Bayani. A rubuta cikin layi biyu ko uku ko ku su wane ne, da yankin da kuke aiki, da abin da manomi zai samu a shafin.

(d) Lambar waya. A sa lambar ofis ko ta ƙungiya wadda ake ɗauka, a haɗa ta da WhatsApp.

(e) Masu kula. A naɗa aƙalla mutum biyu amintattu. Idan shafi yana hannun mutum ɗaya, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko wayarsa ta ɓata, shafin ya tafi ke nan.

(f) Izini. Idan shafin ofis ne, a sami amincewar shugaban shiyya tukuna, a kuma fayyace wanda zai riƙa duba saƙon fasaha kafin a wallafa.

4. ABIN DA ZA A WALLAFA: A BI KALANDAR NOMA

Babu dabarar da ta kai wannan muhimmanci. Manomi yana tsayawa ne a kan saƙon da ya shafi aikin da ke gabansa. Bayanin ajiyar hatsi a watan Yuni ba zai sami mai sauraro ba, haka ma bayanin dashe a lokacin girbi. Ka zauna tun kafin faɗuwar damina ka tsara abin da za ka wallafa mako bayan mako, kowane saƙo ya riga aikinsa da kwana bakwai zuwa goma, domin manomi ya sami damar shiri. Ga misali na shinkafar fadama:

Kafin damina: hasashen yanayi na shekara wanda hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara, musamman lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa a jiharku, hasashen ambaliya na hukumar NIHSA, zaɓen iri, kamar FARO 44 da FARO 52, ko FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017 domin wuraren da ruwa yake shanye shuka, yadda ake gwada tsirar iri a gida, da yadda ake gane iri mai shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa.

Farkon damina: gyaran ƙasa da kunyoyin riƙe ruwa, renon iri, da dashe.

Tsakiyar damina: cire ciyawa, lokutan zuba takin kamfa da na yuriya, alamomin ƙwari da cututtuka, da ƙa'idojin feshi.

Kaka: alamar nunar shinkafa, girbi, sussuka a kan tamfol, shanya, ajiya, da farashin kasuwannin yankinku.

Rani: noman rani, gyaran injin ban ruwa, da lissafin riba da faɗuwa na daminar da ta wuce.

Masu noma a bakin kogin Kwara da na Binuwai ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. Shafin da yake isar musu da gargaɗin hukuma a kan kari ba ya bukatar roƙon kowa ya bi shi.

Kowane saƙo ya ƙunshi magana ɗaya tak, ya faɗi abin yi, da lokacin yi, da adadi. Dubi bambancin waɗannan biyun.

Na farko: Muna kira ga manoma da su rungumi dabarun zamani wajen dashen shinkafa domin samun amfani mai yawa.

Na biyu: Manoma, idan irin da kuka rena ya kai kwana 14 zuwa 21, lokacin dashe ya yi. A dasa biyu ko uku a rami ɗaya, a bar tazarar santimita 20 tsakanin rami da rami, da kuma tsakanin layi da layi. Irin da ya tsufa a wurin reno ba ya 'ya'ya sosai. Kwana nawa naku ya yi yau?

Na farko ba ya koya wa kowa komai. Na biyu manomi zai iya aiki da shi gobe da safe, zai iya tura wa maƙwabcinsa, kuma tambayar da ke ƙarshe ta ba shi dalilin yin magana.

5. SIFFAR SAƘO

Hoto. Gani ya kori ji. Ka ɗauki hoton da wayarka a gonar yankinku, da rana, kusa da abin da kake son nunawa. Hoton ganye mai ciwo kusa da lafiyayye, ko layin gonar gwaji kusa da na gargajiya, ya fi dogon bayani. Manomi yana gane ƙasar garinsu. Idan ya ga hoton da aka kwaso daga wata ƙasa, zai ce wannan noman ba namu ba ne.

Bidiyo. Ya zama gajere, minti ɗaya zuwa biyu, a riƙe wayar a tsaye. A fara da aikin kai tsaye, domin wanda bai ga abin sha'awa a daƙiƙun farko ba zai wuce. A ajiye doguwar gaisuwa da jerin sunayen manyan baƙi. A matso da waya kusa da mai magana, a kuma kauce wa iska da ƙarar inji. Bidiyon da manomi da kansa yake nuna abin da ya yi a gonarsa ya fi karɓuwa wurin manoma fiye da jawabin jami'i a ofis. A ɗora bidiyon a kan shafin kansa, domin mutane ba su cika bin adireshin da zai fitar da su zuwa wani wuri ba.

Nauyi. Ka tuna manomi da kuɗinsa yake sayen data, kuma sabis yana da rauni a ƙauyuka da yawa. Da dama suna amfani da Facebook Lite, wanda aka fitar a 2015 domin ƙananan wayoyi da wuraren da intanet ba shi da ƙarfi. Hoto ɗaya mai kyau da layi huɗu na rubutu zai buɗe a inda bidiyon minti goma ba zai buɗe ba.

Harshe. A yi magana da harshen da manomi yake ciniki da shi a kasuwa. Tun 2016 Facebook yake da tsarin Hausa. A rubuta Hausa mai sauƙi, a kira ƙwari da ciyayi da sunayen da aka san su da su a yankin. Inda manoma Nufawa ne ko Gbagyi ko Fulani, a sami mai jin harshen ya maimaita bayanin da murya. A yi amfani da ma'aunin da aka sani, kamar buhu da mudu da tankin feshi, tare da ma'aunin kilo da lita, domin kada a yi kuskure.

6. LOKACI DA YAWAN WALLAFAWA

Da safe manomi yana gona. Yawanci yakan duba waya ne da azahar idan ya huta, ko da dare bayan sallar isha'i, ko ranar kasuwa idan ya shigo gari ya yi caji ya sami sabis. Ka gwada waɗannan lokuta, sannan ka duba sashen ƙididdiga na shafin ka ga wanda ya fi dacewa da mutanenka.

Saƙo uku ko huɗu masu amfani a mako sun wadatar. Abin da ake so shi ne ɗorewa. Shafin da ya wallafa abu ashirin a rana ɗaya sannan ya yi shiru wata biyu, mutane za su manta da shi. Yana da kyau a ware ranaku da jama'a za su saba da su, misali farashin kasuwa kowace Litinin, amsar tambayoyi kowace Alhamis. Manhajar Meta Business Suite, wadda kyauta ce, tana ba da damar shirya saƙonni a ajiye su fita da kansu a ranar da aka zaɓa. Wannan yana taimaka wa malamin da zai yi kwanaki a ƙauyen da ba sabis.

7. AMSA TAMBAYOYI

A nan ne shafuka da yawa suke mutuwa. Manomin da ya turo hoton gonarsa ya yi tambaya, ya jira kwana uku bai ji komai ba, ba zai sake tambaya ba, kuma zai gaya wa wasu. A kiyaye waɗannan:

(a) A duba shafi aƙalla sau biyu a rana, a amsa tambaya kafin ta kwana, musamman ta ƙwari da cuta.

(b) A gaida mai tambaya da mutunci, a kira shi Malam ko Alhaji ko Hajiya, kamar yadda za a yi a gonarsa.

(c) Kafin a ba da shawara, a tambayi irin da aka shuka, da kwanakin shuka, da takin da aka zuba, a kuma nemi hoto na kusa. Rawayar ganye tana iya zama ƙarancin taki, tana iya zama cuta, tana iya zama matsalar ruwa.

(d) Abin da ya fi ƙarfinka ka miƙa shi ga ƙwararren jami'i na shiyya ko cibiyar bincike, ka gaya wa mai tambaya ranar da zai ji amsa. Idan hoto bai wadatar ba, a je gonar.

(e) A amsa a fili inda kowa zai gani, domin matsalar mutum ɗaya takan zama ta mutum hamsin.

(f) Tambayar da ta yawaita a mayar da ita saƙo na musamman.

(g) A goge zagi, da tallan magungunan da ba su da rajistar NAFDAC, da rigimar siyasa ko ta addini. Amma kada a goge ƙorafi na gaskiya. Idan manomi ya ce dabarar da aka koya masa ba ta yi ba, a bincika. Irin wannan bayani ne masu bincike suke nema.

8. KAWO MABIYA DAGA GONA

Mabiya na gari a fili ake samunsu. A kowane taron ƙungiya da ranar manoma, ka ɗauki minti biyar ka nuna wa masu waya yadda za su sami shafin, su bi shi nan take a gabanka. A rubuta sunan shafin a allon gonar gwaji, da takardun sanarwa, da shagunan masu sayar da iri da taki. Idan ofishinku yana da fili a gidan rediyo, a ambaci shafin a ƙarshen kowane shiri.

Yawancin dattawan manoma ba sa Facebook, amma 'ya'yansu suna yi. Ka zaɓi matashi ɗaya ko biyu a kowane ƙauye waɗanda za su riƙa karanta saƙo a majalisa ko a dandali, su kuma turo tambayoyin dattawa. Haka nan mata, waɗanda su ne ƙashin bayan turara shinkafa da casarta da ƙananan kiwo, da yawansu ba su da wayar kansu. A bi ta hannun malamar gona da shugabannin ƙungiyoyin mata, a kuma ware musu saƙonnin da suka shafi sana'arsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A haɗa shafin da WhatsApp, domin saƙon murya yana isa ga wanda bai iya karatu ba. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum har 1,024, amma ƙaramin zaure na ƙauye ɗaya ko sana'a ɗaya ya fi sauƙin kulawa. Jerin aikawa na bai ɗaya yana ɗaukar lamba 256, kuma sai wanda ya ajiye lambarka ne saƙon zai isa gare shi. Tun 2023 akwai kuma tashar WhatsApp, inda mai tasha kaɗai yake aikawa, mabiya kuma ba sa ganin lambobin juna. Wannan ta dace da sanarwar ofis.

A ƙulla zumunci da shafukan da aikinsu ya yi daidai da naku, kamar na cibiyoyin bincike, da hukumar bunƙasa noma ta jiha, da ƙungiyoyin maƙwabta. Ku yaɗa nasu mai amfani, su ma za su yaɗa naku.

9. TALLA NA KUƊI

Facebook yana ba da damar biyan kuɗi domin a nuna saƙo ga ƙarin mutane. Ba dole ba ne. Idan za a yi, a yi shi domin wani abu takamaimai, kamar gayyatar ranar manoma, ko gargaɗin ɓarkewar ƙwari, ko neman mai sayen amfanin ƙungiya. A zaɓi saƙon da ya riga ya karɓu da kansa. A taƙaita yankin ga garinku da kewayensa, domin kada kuɗin ƙungiya ya ƙare a kan mutanen da ba za su taɓa zuwa ba. A fara da kuɗi kaɗan na kwana uku zuwa biyar, a duba sakamako, a kuma rubuta abin da aka kashe a littafin ƙungiya.

10. ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

(a) Sayen mabiya. Waɗanda ake sayarwa yawanci asusun bogi ne. Ba sa noma, ba sa tambaya, kuma suna rage isar saƙo kamar yadda aka bayyana a sashe na 2.

(b) Roƙon danna alama. Tun watan Disambar 2017 Facebook ya sanar cewa zai riƙa danne saƙonnin da suke cewa a danna so, ko a rubuta kalma kaza, ko a tura wa mutum goma. Tambaya ta gaskiya game da gona ba ta cikin wannan.

(c) Yaɗa abin da ba a tabbatar ba. Labarin tallafi, ko rancen gwamnati, ko haɗin maganin ƙwari da aka turo maka, kada ka wallafa sai ka ji daga hukumar da abin ya shafa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Awon magani guda ɗaya da aka ba da ba daidai ba yana iya ƙone gonaki, ya kuma rushe amanar da aka yi shekaru ana ginawa.

(d) Cika shafi da hotunan taro da na shugabanni. Ɗaya ya isa, a haɗa shi da abin da aka koya a taron.

(e) Wallafa hoton mutum, ko lambar wayarsa, ko jerin sunayen mambobi ba da izini ba. A nemi yarda tukuna, musamman ga mata da yara. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa masu tattara bayanan mutane alhakin kiyaye su.

11. TSARON SHAFI

Idan shafi ya yi suna, 'yan damfara za su so su ƙwace shi, ko su buɗe mai kama da shi su riƙa karɓar kuɗin rajistar taki daga hannun manoma. Rigakafi ya fi magani. Kowane mai kula ya sa kalmar sirri mai ƙarfi, ya kunna tabbaci mai mataki biyu. Kada a ba kowa lambobi shida da WhatsApp yake turowa, ko da ya ce daga ofis yake. Kada a danna adireshin da aka turo da barazanar cewa za a rufe shafi. A riƙa tunatar da mabiya cewa ƙungiya ba ta karɓar kuɗi ta saƙon waya. Wanda ya bar aiki a cire shi daga masu kula a ranar.

Kada kuma a dogara da kafa ɗaya. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida. An kuma dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ka ajiye sunaye da lambobin manoman tuntuɓa a littafi, ka kuma adana hotuna da bidiyonka a wani wuri dabam.

12. AUNA AIKI

A ƙarshen kowane wata, ka buɗe sashen ƙididdiga ka rubuta waɗannan a littafi: saƙonni uku da suka fi isa ga jama'a, uku da aka fi turawa, yawan tambayoyin da aka yi da waɗanda aka amsa, da garuruwan da mabiya suka fito. Domin sanin ƙarfin saƙo, a raba yawan mu'amala da yawan waɗanda saƙon ya isa gare su, a ninka da 100. Misali, idan saƙo ya isa ga mutum 400, aka sami mu'amala 40, ya sami kashi 10 cikin 100. Ka kwatanta saƙonninka da juna, ka ƙara irin wanda ya karɓu, ka gyara wanda bai karɓu ba.

Ma'auni na ƙarshe kuwa a gona yake. Idan ka fita ziyara ka tambayi manoma ko sun ga saƙon dashe, ko wani ya karanta musu, sannan ka duba tazarar da suka bari da idonka. Ka sa abin da ka gani cikin rahotonka na wata.

KAMMALAWA

Shafin Facebook kayan aiki ne kamar babur da allon gonar gwaji, kuma yana taimaka wa ziyarar gona ne kawai. Zai bunƙasa idan saƙonsa gaskiya ne, ya zo a kan lokaci, cikin harshen manomi, kuma akwai mai amsawa idan an yi tambaya. Kada ka karaya idan watannin farko mabiya ba su da yawa; sannu ba ta hana zuwa. Ka fara da wannan makon: duba aikin da manoman yankinka za su shiga nan da kwana goma, ɗauki hoto ɗaya a gona, rubuta layi huɗu, ka kuma zauna da shirin amsa duk wanda ya tambaya.

Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi ofishin hukumar bunƙasa aikin gona na shiyya ko sashen wayar da kan manoma na cibiyar bincike mafi kusa.